Garin da Ake Kiran 'Yata da Shi

A Danchuwa na haifi 'yata ta fari, a ɗakin Innata, kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari. Shekarar ce sojojin da suka je yaƙin Bama suke ta dawowa gida, kowa da ƙaton takalmi da labarin da ba mai iya ƙaryata shi. Mu manoma ne, gero da wake da gyaɗa, Hausa kuwa a bakin kasuwa muka tsince ta. Mijina Bakano ne, ko in ce ɗan Bakanuwa, don shi kansa sai da ya yi gemu sannan ya ga ganuwar Kano. Fatu yake saye a kasuwar Potiskum. Gidansu yana Dogo Tebo, daga shi sai mahaifiyarsa, wadda duk unguwar ake ce wa Iya.

Ranar suna aka yanka rago a can cikin gari, aka raɗa wa yarinya sunan Iya. Wannan bai ba ni mamaki ba. Na kuma san ba mai iya kama sunan a gidan, dole a nemo na kira. Ina zaune a ƙuryar ɗaki, jikina duk ya dahu da ruwan wankan jego, ina ta jera irin sunayen da ake ɓoye sunan uwa da su, ina zaɓen wanda ya fi min daɗi, sai ka ce wani zai nemi shawarata. Da hantsi Iya ta iso da matan unguwarsu. Doguwar tsohuwa ce marar yawan magana, in ta kalle ka sai ka fara tunanin laifin da ka yi. Ta karɓi jaririyar, ta daɗe tana dubanta, sannan ta ce, "Junaina."

Inna ta matso da kunne. "Ju me?"

"Junaina za a riƙa ce mata."

"Matar wane annabi ne shi?" in ji Inna, wadda Hausarta ba ta raba mace da namiji.

"Ba matar kowa ba ce," in ji Iya, ta kwance ƙullin goro ta shiga rabo. Nan maganar ta mutu.

Ni ban ce uffan ba, kuma da dalili. Tun kafin a kai ni gidan an ja min kunne cewa Kanawa ba sa wasa da kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kama sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta tambayar abin da aka shirya a kansa. Mu ma muna da kunya, amma tamu ba ta kai can ba. To ga ni baƙuwa, matan Dogo Tebo suna kwaikwayon maganata in na juya baya. Sai na ƙudurta cewa ko ba komai a kunya ba za su fi ni ba. Na riƙe abin nan da hannu biyu, har na fi masu shi.

Wani Babarbare mai kawo mana kanwa a kan jakuna shi ya fara rikita mu. Ya tarar da Inna a ƙofar gida tana ta gwada sunan a bakinta, sai ya yi dariya ya ce ai wannan gari ne. Ya ce yana can gabas, a wuce Yerwa, a wuce Wadai, a bakin ƙasar Sudan, masu tafiya Makka ta ƙasa suna yada zango a cikinsa. Inna ta biya shi kuɗin kanwarsa, ta shigo ɗaki ta zauna kusa da ni.

Can ta ce da ni da yarenmu, "Kin taɓa shiga kasuwar shanu? In kika ji dillali ya nuna garke ya ce waɗannan na Jos ne, ba daga Jos suka zo ba. Can za a kora su."

Na ce ban gane ba, alhali na gane.

"Mutanen nan ba sa barin ɗan fari a hannun uwarsa. Ana yaye shi ake ba wani riƙo. Tunda suka kira ta da sunan gari, akwai wanda aka yi wa alkawarinta a garin."

Daga ranar nan ban ƙara shayar da yarinyar da kwanciyar hankali ba. Riƙo ban ƙi shi ba, kowa ya san da shi. In a ɗakin Iya ne, tsakar gida ce kawai tsakaninmu. In ma Kano ne, motar gyaɗa tana zuwa tana dawowa. Amma garin da sai an wuce Wadai, wanda mutum yake tafiya da baƙin gashi ya dawo da furfura, in ma ya dawo? Wannan ya fi ƙarfin tunanina.

Da na yi arba'in na koma Dogo Tebo, na sa a raina zan binciko gaskiya ba tare da na yi tambaya ba. Wannan aiki ne mai wuya, kuma ban iya shi ba. Na fara da maigidan. Na bari sai da ya ci rabin tuwonsa, sannan na ce, kamar maganar ba ta dame ni ba, "Wai wannan garin da ake ta faɗa a gidan nan, akwai nisa?"

"Akwai."

"Kuna da mutane a can?"

Ya tsame hannu daga kwano. "Kabarin babana yana can. A hanyar Makka ya rasu, Iya ta juyo. Ni lokacin ina ciki."

"To shi ya sa aka..."

"Ke ma kin san ba na shiga maganar yarinyar nan," ya ce, ya mai da hannunsa cikin tuwo. Shi ma kunyar ce ta ɗaure shi, ga ta 'yar fari ga ta uwa. Na tashi da abin da ya fi wanda na zo da shi nauyi. Da na aika wa Inna cewa kabari ne a garin, sai ta aiko da laya da saƙon cewa ita ba ta taɓa jin inda aka kira jariri da sunan maƙabarta ba.

Maƙwabta kuwa kowa da nasa. Matar malamin da ke bayan gidanmu ta ce mijinta ya ce da Larabci ɗan ƙaramin lambu ke nan, suna ne mai kyau, ba laifi a shari'a. Wata mai sai da daddawa ta rantse Iya tana da 'yan'uwa masu raƙuma a can, jikar za ta ci gado. Wata ta ce bakance Iya ta yi. Ina sauraro ina gyaɗa kai kamar zancen 'yar wani ake yi. In na kwanta sai garin ya riƙa sauya min kama, yau lambu, gobe kabari, jibi gidan masu raƙuma, kuma a kowanne sai in hango yarinyata tsaye ita kaɗai ba ta jin yaren kowa.

Iya ita ma ba ta taimake ni ba. A lokacin manyan motocin katako sun fara ɗaukar maniyyata daga Kano zuwa Yerwa, kuma a Potiskum suke shan ruwa, wani lokaci su kwana biyu ana gyara. Masu dawowa ma nan suke biyowa. Da zarar Iya ta ji an ce baƙin hanya sun sauka, sai ta yafa mayafi, ta ce in kawo mata majanyi, ta goya yarinyar ta nufi tasha. Ni ina kulle, ba ni da ikon leƙa zaure, balle in bi ta. Sai in zauna da turmi a gabana in kasa daka. Ran da ta kai la'asar ba ta dawo ba, nono ya cika ya jiƙa min zane, na tsaya a bayan ƙyaure ina leƙen hanya ta wata 'yar kafa. Da ta shigo na karɓi goyon ina kallon gefe, na ce, "Sannunku da dawowa, Iya." Abin da na iya faɗa ke nan. Na ji haushin kaina ƙwarai.

Da yarinyar ta fara tafiya sai wani sabon abu ya ɓullo. Iya takan zaunar da ita a cinya, ta zaro zare ta zagaya wuyan hannunta, ta ƙulla alama. Ta auna ƙugunta, ta auna daga kafaɗa zuwa gwiwa. Na ce to, kaka ce, za ta yi wa takwararta ado. Na zuba ido, sallah ta zo ta wuce, ban ga an sa mata komai ba. Wata rana ina share ɗakin Iya na tarar adakarta a buɗe. Ban taɓa ba, ido kawai na sa. Ga 'yar riga ta saƙi, ga awarwaro ƙanana, ga jigida da ba ta fi ta zagaye gwiwata ba, ga ɗan kwanon sha sabo, duk an ɗaure a ƙyalle ɗaya irin ɗaurin matafiyi. Tsintsiyar ta faɗi daga hannuna. Na ce shi ke nan, har guzuri an haɗa.

Abin da ya rage min shi ne in ja shayarwa. Yarinya tana gudu a tsakar gida, tana cin tuwo da hannunta, ni kuwa ina ta cusa mata nono. Maƙwabta suka fara yi min ba'a wai sai ta yi wayon zuwa talla za ta sauka. Maigidan ya fara tsuke fuska. Ni dai na toshe kunne.

Da kaka ta yi, aka sauke mana baƙi a zaure, wani dattijo da matarsa daga Kano, za su Makka, suna jiran motar da za ta tashi bayan cin kasuwa. Iya ta manne wa matar nan. Kullum suna ɗaki suna ƙus-ƙus, yarinyar tana kan cinyar baƙuwar tana wasa da carbinta. Ina tankaɗe a bakin madafa na ji Iya tana cewa, "In kun isa Junaina, ki tambayi unguwar mutanenmu." Na ga ta fito da ƙullin nan ta ɗora a hannun matar. Da yamma kuma ta tsaya a kaina ta ce, "Ke 'yar nan, shayarwar ta isa haka. Jibi za a yaye ta."

Jibin nan ita ce ranar tashin motar.

Washegari da maigidan ya fita kasuwa, Iya ta shiga kewaye, na goya yarinyar na ja mayafi na fice. Ko takalmi ban tsaya nema ba. Tunda aka kawo ni ban taɓa taka titin ni kaɗai ba, har na ɓata hanya na faɗa unguwar Yerimaram, sai da wata mai itace ta nuna min. Na bi hanyar Danchuwa ta cikin gonaki, ana ta yankan gero, mutane suna ɗago kai suna kallon matar aure tana sauri kamar an biyo ta. Ina tafe ina kuka, kuma in da za a tsare ni a ce me aka yi miki, ban san me zan ce ba, don har lokacin ba wanda ya faɗa min komai da bakinsa.

Babana ya yi faɗa, ya ce na zubar masa da mutunci, matar aure ba ta fita ba izini. Inna ba ta kula shi ba. Ta kai ni bayan rumbu ta shimfiɗa min tabarma, wai nan ba mai gani, kamar rumbu zai ɓoye yarinyar da take bin kaji da gudu.

Rana ta karkata sai ga Iya, a ƙasa, da sandarta, ƙafafunta sun yi futu-futu. Ita kaɗai ta zo. Ta gaisa da Inna, ta sha ruwa, ta zagayo bayan rumbu ta zauna a gefen tabarmar da ƙyar. Yarinyar ta sheƙo ta faɗa jikinta. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa.

"Me aka yi miki?"

Na kama murza bakin tabarma.

"Ɗana ne ya zage ki?"

Na girgiza kai. Inna ce ta kasa haƙuri, ta leƙo ta ce, "Kai za ka ba da yaro ga baƙo ya tafi da shi Sudan. Mun ga kaya."

Iya ta dubi Inna, ta dube ni. Na zaci za ta yi dariya ko ta yi fushi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ce, "Tun yaushe kike ɗauke da wannan?"

Na ce, "Tun ina jego."

"Me ya hana ki tambaye ni?"

"Kunya, Iya."

Ta daɗe tana shafa kan yarinyar. Sannan ta fara magana, ba ni take kallo ba, karan geron da aka jingine take kallo. Ta ce ɗan da nake aure ba shi ne na farinta ba. Ta haifi mace a hanya, suna tafiya gabas ita da mijinta da yayarsa da mijin yayar. A Junaina ciwo ya kama mijin, suka zauna jinya har ya cika. Lokacin yarinyar ta isa yaye, ita kuma ga ciki. Ayari ya rabu biyu, masu ci gaba da masu komawa, aka ce mai ciki ba za ta iya hanya ba, ta bi fatake ta koma gida. Yayar mijin ba ta taɓa haihuwa ba, sai ta ce a ba ta yarinyar, za su ɗan zauna a garin su yi sana'a kafin su wuce.

"Aka tara dattawa," in ji Iya. "Wani tsoho a cikinsu, Allah ya ji ƙansa, ya juyo ya ce da ni, ke uwar yarinya kina da magana? Har sau biyu ya tambaya. Na ja mayafi na rufe fuska na ce ba ruwana. Kowa ya yaba. Aka ce wannan yarinya akwai kunya, an san gidan da ta fito."

Ta ce da ayarin ya iso Potiskum ta sauka ta ƙi ƙarasawa Kano, don nan ne bakin hanya, duk mai zuwa da mai dawowa sai ya bi. Tun daga lokacin take tambaya. Wani ya ce ya gan su, wani ya ce sun wuce gaba, wani ya ce bai taɓa jin su ba. Ɗanta ma ba ta taɓa zaunar da shi ta gaya masa ba, don maganar 'yar fari ce.

Na ce, "To kayan fa?" Ban san lokacin da tambayar ta fita ba.

"Nata ne. In an same ta a ba ta."

"Iya, ai yanzu ta girme ni."

"Na sani. Wataƙila ma ta yi jika. In na je sayen zane na babbar mace sai in rasa wane iri, doguwa ce ko gajera, fara ce ko baƙa ta zama. Iyakar inda na san ta ke nan." Ta ɗora hannu a kan 'yata. "Shi ya sa na jira wannan ta kai."

Kaina ya ƙara ɗaurewa, don na zo da tsoro na shekara biyu, ga shi an karɓe min shi an miƙo min wani abin da ban san inda zan ajiye ba. Ina jin sanyi a raina, ina jin kunya, ina kuma jin haushinta, don kalma ɗaya daga bakinta da ta raba ni da duk wannan. Sai na tuna ita ma kalma ɗaya ce ta gagare ta.

Ta gyara zama ta fuskance ni. "Ba mai kai ta ko'ina. Amma yaye dole, kuma a al'ada ɗakina za ta koma, ta zama tawa. Yanzu ni nake tambayarki, ga mahaifiyarki tana ji. Ke uwar yarinya, kina da magana?"

Duk abin da na koya a Dogo Tebo yana ce min in rufe fuska. Hannuna har ya kama bakin mayafi. Iya ta zuba wa hannun ido, ba ta ƙifta ba. Na saki mayafin. Da yarenmu maganar ta fara fita, don Hausar ta gudu ta bar ni, sannan na maimaita yadda za ta ji.

"Ina son abata. A bar min ita."

"To an bar miki," ta ce. Ta nemi sandarta ta miƙe, ta ce mu kama hanya kafin magariba, baƙi suna gida ba wanda ya ɗora musu tukunya.

A ɗakina aka yaye ta, a ɗakina ta girma. Matan unguwa sun samu abin taunawa har damina, wai 'yar ƙauye ta buɗe baki ta nemi 'yar fari, Iya kuma tsufa ya sa ta biye mata. Baƙin suka tafi da ƙullin. Ba su biyo ta Potiskum a dawowa ba, ko kuma sun biyo ba mu ji ba, kuma ba wani saƙo da ya taɓa zuwa. Iya ba ta daina zuwa tasha ba sai da ƙafa ta gagare ta.

Akwai abin da har yau ban warware ba. Ni ban taɓa iya kiran sunan ba, na farko don al'ada, daga baya kuma don ina ganin ba nawa ba ne. Iya kuwa a wuni sai ta kira shi ba adadi, da dalili da babu dalili. Takan zauna a bakin ƙofarta ta ɗaga murya ta ce, "Junaina." Yarinyar tana da saurin amsawa, tun a kiran farko take cewa na'am, ta taho da gudu ta tsaya a gabanta. Iya tana ganinta, tana ma riƙe da hannunta, amma sai ta sake kira, ta ɗan saurara.